Ka tsallako daga Nijar kana neman aikin farko a Katsina? Ga yadda ake bin abin

Duk shekara da an yanke gero an kai rumbu, sai ka fara ganinsu a tasha, samari da 'yar jakar leda da takalmi buɗu-buɗu da ƙura, wasu daga Maraɗi wasu daga Tasawa wasu daga can Damagaram. Kafin sati biyu wasu sun iso bakin shagona, a yi sallama a durƙusa, "Alhaji don Allah ko da aikin da za a taimaka mini da shi." Ni ma haka na zo garin nan sama da shekara ashirin da suka wuce, kurar ruwa na fara turawa, na yi gadi, na yi yaron shago, yau Alhamdulillahi ina da nawa shagon na kayan gini. To tunda bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya, bari in rubuta ta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan, ƙanena: a Katsina ba ƙarfinka ake fara tambaya ba, ba kuma takardarka ba. Tambayar farko ita ce "wa ya san shi?" Duk sauran abin da zan faɗa a kan wannan tambayar yake tafiya.

Tun kafin ka baro gida

Kada ka hau mota sai ka san ƙofar da za ka yi sallama. Ba wai "akwai 'yan garinmu da yawa a can" ba, a'a, mutum ɗaya takamaimai, da lambarsa, wanda kuka yi magana ya ce taho. Ka tambaye shi unguwar da yake da abin da za ka ce wa mai Keke Napep, don Katsina ba ƙauye ba ce, tsakanin Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga ba tafiyar da baƙo zai yi da ƙafa yana tambaya ba ce da daddare. Ka rubuta lambar a takarda ka sa a aljihu, layinka na Nijar yana iya ɗaukewa da ka yi nisa da iyaka, caji ma yana iya ƙarewa.

Ka zo da katinka na ɗan ƙasa, mai kyau wanda bai mutu ba, in kana da fasfo ya fi. Ka yi hotonsa a waya ka kuma bar kwafi a gida. Ka zo da kuɗin da zai ciyar da kai aƙalla sati biyu ba tare da ka samu ko sisi ba, saboda wallahi sati biyun farko su ne masu wuya, kuma mai yunwa duk aikin da aka miƙo mishi da kowane irin farashi karɓa yake. Lokacin zuwa ma ka duba: bayan girbi zuwa bazara shi ne lokacin da gini ke tafiya, ruwa ke tsada, noman rani ke neman hannu. In ka zo tsakiyar damina gini ya lafa, masu rijiya sun ƙoshi, za ka sha zama.

Iyaka da maganar takardu

Ka shigo ta ƙofa. 'Yan Maraɗi ta Ɗan Issa zuwa Magama a Jibiya, 'yan Damagaram da Matamaye ta Kwangwalam zuwa Daura. Na san akwai ɓarauniyar hanya, na san masu babur za su ce maka ta fi sauƙi, amma yanzu dajin nan ba na da ba ne, kuma baƙon da aka tsinta a daji ba shi da bakin magana, kafin ka gama bayani an riga an yanke maka hukunci.

Mu da muke gani Maraɗi da Katsina abu ɗaya ne, tsakaninsu bai kai kilomita 100 ba, Sarkin Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake ce mishi tunda zuriyar sarakunan Katsina ne da suka fita bayan jihadi, to amma jami'in shige da fice ba tarihi ya zo karantawa ba. Yarjejeniyar 1979 ta ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma wadda kuke cewa CEDEAO, ita ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ya yi kwana 90 ba biza, in zai wuce haka ya nemi katin zama a wurin hukumar shige da fice. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025, sai dai a ranar ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu da barinsu su shiga su zauna har sai an sanar da wani abu daban. Wannan "har sai an sanar" ɗin ita ce abin lura. Kuma kun ga yadda aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 ba a buɗe ta ɓangaren Najeriya ba sai Maris 2024, kafin nan ma an rufe daga Agustan 2019 har Disambar 2020. Don haka in ka san za ka daɗe, ka tako da ƙafarka ofishin shige da fice ka tambayi abin da ake buƙata a lokacin, kada ka tambayi ɗan tasha.

Sai abin da nake roƙonku kullum: kada wani ya ce ka kawo kuɗi zai yi maka takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma ko katin zaɓe. Kai ba ɗan ƙasa ba ne, katin zaɓe a aljihunka laifi ne, kuma ranar da aka kama ka da shi wanda ya yi maka ba zai san ka ba. Lambar NIN, wato lambar shaidar mutum ta ƙasa a Najeriya, daban ce, baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida yana iya yinta a matsayinsa na baƙo, kuma za ka buƙace ta tunda yanzu layin waya ba ya aiki sai an haɗa shi da ita. Ka faɗi gaskiyar ƙasarka wajen yinta. Kada kuma ka sayi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani a bakin titi, ba ka san abin da aka aikata da shi ba, a wannan zamanin da ake bin sawun masu garkuwa ta waya kana iya sayen bala'i da kuɗinka.

Masauki, da kai kanka wurin mai unguwa

Yawanci za ka sauka ne a ɗakin 'yan garinku, mutum shida ko takwas a shago ɗaya ko zaure, kowa da tabarmarsa da buhunsa. Ba komai, haka kowa ya fara. Ka riƙa saka naka a kuɗin garin tuwo ko da kaɗan ne, ka yi shara ba sai an ce ba, don waɗannan mutanen su ne za su ji labarin aiki kafin kai, kuma wanda suka ji daɗin zama da shi suke fara tunawa.

Cikin kwana biyu uku ka ce wa mai masaukinka ya kai ka gaida mai unguwa. Samari da yawa suna raina wannan, suna ganin kamar tsohon yayi ne. Ba tsohon yayi ba ne. Da matsalar tsaron da ake ciki, ga 'yan banga ga jami'an tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta Dikko Raɗɗa ta kafa a 2023, duk sabuwar fuska a unguwa ana lura da ita. Ranar da aka yi sata a layinku, bambancin wanda zai kwana a ɗakinsa da wanda zai kwana a caji ofis shi ne mai unguwa ya ce "na san shi, wane ne ya kawo mini shi." Gaisuwa ce ta minti biyar, ka cire takalmi ka durƙusa, ka faɗi sunanka da na mahaifinka da garinku da abin da ya kawo ka, shi ke nan.

Sannan ka riƙe masallaci ɗaya. Ba don riya ba, sallah ta Allah ce, amma gaskiya ita ce a sahun asuba ake sanin mutum. Mai gidana na farko a nan ya gan ni, kusan wata guda yana ganina bai ce mini komai ba, rannan bayan an sallame ya ce "kai yaro ɗan wa ne?"

Wane aiki za ka fara da shi

A nan zan ɗan daɗe, don a nan ake yin kuskure.

Kurar ruwa ita ce ƙofar da ta fi saurin buɗewa. Ba ta son jari, akwai masu ba da hayar kura da jarkoki kullum ka biya su da yamma, ka sayi ruwa a wurin mai burtsatse ka kai gidaje. Tawa jarka goma sha biyu take ɗauka, kowace lita 25, ka lissafa da kanka, kilo 300 kake turawa a cikin rairayi da rana tsaka. Satin farko sai da tafin hannuna ya yi kanta ya fashe, in na zo alwala ruwa ya taɓa sai na ji har ƙwaƙwalwa. Amma amfaninta ba a kuɗin yake ba kaɗai, kura tana shigar da kai kowane lungu, cikin wata biyu ka san gidan kowa kowa ya san ka. Dabararta ita ce ka samu gidaje na dindindin, biyar ko shida, da mai shayi ko mai tuwo ɗaya, ka riƙa kai musu a kan lokaci ba sai sun aiko ba. Ka wanke jarkokinka, matan gida suna leƙawa, in suka ga gansakuka an gama da kai. Kuma kada ka shiga layin da wani ya riga ya kama ba ka yi magana da babbansu ba, 'yan ga-ruwa suna da shugabanninsu a kowane wurin ɗiba.

Leburanci a wurin gini ya fi kawo kuɗi a yini, amma ba kullum ba. Da sassafe ake zuwa, kafin bakwai, da shebur ɗinka in kana da shi, don mai kayan aiki shi ake fara ɗauka. Ka nufi bayan gari inda ake sabbin gine-gine, da wuraren buga bulo. Shawarata ka liƙe wa birkila ɗaya. Ka zama kai ne mai kwaɓa mishi siminti yadda yake so, mai miƙo bulo kafin ya juyo, in ya samu sabon aiki kai zai kira. Daga nan kuma ake koyon sana'ar, na san waɗanda suka zo da kwanon ɗaukar kankare a ka yau su ke karɓar kwangilar gida sukutum. Akwai kuma aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda ya biyo ta Daura da Katsina da Jibiya, sai dai irin wannan babban aikin da takardu ake shiga kuma ta hannun 'yan kwangila, duk wanda ya tare ka a tasha ya ce kawo kuɗin fom zai sa ka, ka riƙe aljihunka.

Dako a babbar kasuwa ko kasuwannin ƙauye irin Mai'aduwa da Caranci, shi ma sai ta hannun sarkin dako ko wani da ke ciki, ba a faɗawa haka kawai a ɗauki buhun mutum. Noman rani a wajen madatsun ruwa irin Ajiwa ko Sabke ta wajen Daura ya dace da wanda ya taso da fartanya, ana biyan yini ko a yi yarjejeniyar kaso in an kwashe. Amma ka tambayi mutanen gari lafiyar wurin kafin ka tafi, akwai yankunan yamma, wajen Batsari da Safana da wasu sassan Jibiya, da ba na ba baƙo shawarar ya je kwana a gona komai kuɗin da aka faɗa mishi.

Gadi shi ne wanda kowa ke so, saboda ga wurin kwana ga abinci wani lokaci ga albashi a wata. To shi ne kuma ba a ba baƙon da ba a sani ba, kuma da gaskiyarsu, wa zai miƙa makullin gidansa ga wanda ya gani jiya? Sai ka yi wata uku huɗu ana ganinka. In ka samu, ka sani cewa duk abin da ya ɓace kai ne na farko, don haka ranar da ka kama aiki ka sa a nuna maka abin da ke harabar, janareta, batir, tayoyi, a ƙirga a gabanka. Kada ka kwana da baƙo a ɗakin gadi ko da wanka ne uwa ɗaya uba ɗaya sai mai gida ya sani.

Babur da Keke Napep kam ka bari tukuna. Ba ka san gari ba, ba ka da lasisin nan, ga kuɗin balas da mai abin ke jira kullum ko ka samu ko ba ka samu ba, ga dokokin hana hawa da ake sawa ana ɗagewa saboda tsaro. Na ga yara da yawa sun shiga bashin da ya kore su gida a kan wannan.

In kuma ka yi lakwal, wato boko, kana da takardar sakandare ta BEPC ko BAC, kada ka ɓoye. Makarantun kuɗi suna neman mai koyar da Faransanci kuma masu yi da kyau ba su da yawa a garin nan. Ka sa a rubuta maka takardar neman aiki da Turanci, shafi ɗaya, ka haɗa da kwafin takardunka, kwafi fa, asalin ba ya barin hannunka, ka bi makarantun da ƙafarka kafin a koma sabon zango a watan Satumba, ka nemi ganin shugaban makaranta ka ce a ba ka aji ɗaya ka gwada a gani. Albashin ba yawa, amma daga nan iyaye ke neman mai yi wa yara darasi a gida. Haka mahaddaci, Islamiyyu suna ɗauka, sai dai su ma sai wani malami ya shaide ka. Mai sana'ar hannu kuwa, tela, makaniki, mai walda, mai gyaran waya, ka je wurin masu sana'ar ka ce a gwada ka kwana uku. Hannu ba ya ƙarya.

Yadda ake neman, da wanda zai tsaya maka

Kada ka ce "kowane irin aiki ne ina so." Na san kana nufin ba ka da girman kai, amma abin da mai gida ke ji shi ne ba ka iya komai ba. Ka ce "na iya kwaɓa siminti," ko "na yi kiwo shekara biyar," ko "ina iya lissafi da rubutu." Ka zo da safe, da wanka, ba lokacin da ciniki ya kankama ba. Ka gaisa sosai kafin ka faɗi buƙata, Katsinawa suna son ladabi, kun dai san kirarinsu. In an ce babu, ka yi godiya ka ce ko an ji wani yana nema a tuna da kai, ka dawo bayan sati ka gaisa kawai ba tare da ka sake roƙo ba. Sau da yawa a zuwa na uku ake cewa "zo ka sauke motar nan mu gani."

Wannan "mu gani" ɗin jarrabawa ce. Ni kaina ina yi: in bar canji a kan kanta kamar na manta, ko in aiki yaro da kuɗin da ya fi na kayan. Ba mugunta ba ce, ba ni da wata hanyar sanin mutum.

Mai tsaya maka kuwa ya zama wanda ke da abin rasawa a garin, mai shago, liman, tsohon mai gadi da ya shekara goma a gida ɗaya. Ka sani ranar da ya ce "na tsaya mishi" sunansa ya jingina. In ka gudu da kuɗin mutane ba kai kaɗai ka tafi ba, ka rufe ƙofa ga duk ɗan garinku da zai zo bayanka. Akwai wani ƙauye, ba zan faɗi sunansa ba, da har yau 'yan layinmu ba sa ɗaukar yaransa saboda abin da mutum ɗaya ya yi.

Maganar kuɗi, a yi ta tun farko

Kunya ita ke cin mu a nan. Ka kama aiki ba a yanke ba, kana cewa "ai Alhaji ba zai cuce ni ba," wata ya ƙare a miƙo maka abin da aka ga dama. Ni an yi mini. Wani gida na yi gadi wata huɗu, kullum "bari in an biya mu," ranar da na matsa aka ce ai abincin da nake ci da ɗakin da nake kwana su ne albashin. Ba ni da shaida, ba ni da takarda, na naɗe tabarmata na fito.

Don haka kafin ka fara, a gaban wanda ya tsaya maka, a faɗi nawa ne, yini ne ko sati ko wata, wace rana ake biya, da abinci ko babu, ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, akwai hutun Juma'a ko babu, in ka yi rashin lafiya ya za a yi. In za a rubuta a 'yar takarda kowa ya sa hannu ya fi, dokar ƙwadagon Najeriya ma ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. In ba za a rubuta ba, ko saƙon murya na WhatsApp ne a yi a ajiye. Za ka ji ana cewa mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, gaskiya ne, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wato shago da gida da gareji duk ba su ciki. Kada ka je kana yi wa mai shago wa'azi da ita. Ka tambayi 'yan'uwanka nawa ake biya a irin aikin a unguwar, shi ne ma'auninka.

Ka kuma kula da bakinka wajen ƙirga. A gida jaka ɗaya sefa dubu ce, dala kuma biyar. A nan in dattijo ya ce jaka, naira ɗari biyu yake nufi. Na taɓa ganin an kusa dambe a kan wannan, yaro ya ji "jaka goma" ya ɗauka dubu goma ce, ya kwashe yashi yini guda aka miƙo mishi dubu biyu. Ka ce a faɗa maka da naira, dubu kaza.

Kuma kada ka bar katinka ko fasfonka a hannun mai gida wai jingina. Ka ba shi kwafi. Wanda ya nace sai ya riƙe asalin, ka nemi wani aikin.

Ga 'yan'uwa mata, da iyayen da ake zuwa ƙauye a ce a ba da yarinya za a kai ta aikatau birni: ku san gidan, ku san matar gidan, kuɗin ya riƙa shiga hannun mai aikin ko iyayenta ba hannun dillaliya ba, kuma yarinya ta samu hanyar kiran gida. Wadda aka ce za a wuce da ita Libiya ko Saudiyya "in ta fara aiki ta biya," wannan bashin ba ya ƙarewa. Akwai hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane da aka kafa don irin wannan, ana kai mata ƙara.

In kuɗi ya fara shigowa

Kada ka tara a ɗaki, ɗakin mutum takwas ba banki ba ne, kuma waɗanda suka ƙulle takardun naira a gwangwani sun ga abin da ya faru farkon 2023 da aka canza kuɗi, mutum da kuɗinsa ya rasa na koko. In ka samu NIN ka buɗe asusu, ko na banki ko irin su OPay da Moniepoint, da sunanka, lambar sirri kuma kada mai POS ya danna maka, kai za ka danna. Kada ka ba kowa asusunka wai za a turo mishi kuɗi ta ciki, ba ka san kuɗin mene ne ba. In ba ka samu asusu ba tukuna, ka ajiye wurin dattijon da ya tsaya maka, da littafi, duk ajiya a rubuta. Adashe ma yana da kyau in uwar adashen sananniya ce mai mazauni.

Aike gida kuwa ka tambayi canji wurin mutum biyu uku kafin ka ba da, naira da sefa kullum rawa suke. Wani lokacin ya fi riba ka aika kaya maimakon kuɗi, wani lokacin akasin haka. Kuma ƙanena kada ka aika duka. Na san gida suna jira, na san za a yi ta kira, amma ka ware wani abu ko yaya yake don sayen kurarka ta kanka ko shebur da kwano, ranar da ka daina biyan haya ranar ka fara aiki wa kanka.

Sai maganar komawa. Da an ga hadari ya fara haɗuwa a gabas hankalin ɗan cirani ya koma gona, na sani, ni ma har yau ina ji. Amma kada ka sulale da asuba kamar ɓarawo. Ka faɗa wa mai gidanka tun saura sati biyu ko uku, ka ce ga lokacin da za ka dawo, in da hali ka kawo wanda zai riƙe maka wurin, ka zaga da shi gidajen da kake kai ruwa ɗaya bayan ɗaya su ga fuskarsa. Ka biya mai shayi bashinsa, ka mayar da kura a ƙirga jarkoki a gabanka, ka je ka sallami mai unguwa. In ka dawo bayan girbi ka riƙo wa wanda ya tsaya maka ko tiya biyu ce ta wake.